Auta Mai Tatsar Kirfa

A gidansu Auta ake kiranta, kuma sunan ya bi ta har ta haifi 'ya'ya uku, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Su biyu ne kawai a wurin Mama, ita da Yaya, wanda ya girme ta da shekara tara. Mahaifinsu ya rasu tana aji uku a firamare. Yaya ne ya riƙa kai ta makaranta a kan sandar kekensa, shi ne yake duba sakamakon jarrabawarta, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka ranar da dangi suka ce sakandare ta ishe ta. Ya ce yarinyar da take kwance rediyo ta mayar da ita daidai ba za ta zauna a gida ba. Haka ta yi shekara biyu a kwaleji tana koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Duk abin da Yaya ya faɗa, a wurin Auta ya zauna ke nan.

Lokacin da ta gama, Yaya yana haɗa sabulu a wani gareji da ya kama haya a bayan layin masu gyaran mota. Sabulun ba laifi, yana kumfa, yana wanke datti, amma babu abin da ya bambanta shi da na sauran mutane. Auta ta zo taya shi na wata ɗaya kafin ta sami aiki. Shekara ashirin da biyu ta yi a wurin.

Abin da ya riƙe ta wata tukunya ce. Ta gan ta a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, an jingine ta da bango, murfinta ya lotsa, ga dogon bututu a naɗe kamar maciji a gefenta. Mai ƙarafan ya ɗauka ta dafa ruwan zafi ce. Auta ta gane tukunyar tatsar mai ce, irin wadda ta gani sau ɗaya a kwaleji. Ta dame Yaya har ya sa aka kawo ta a baro, yana tafe yana mitar ta tara masa shirgi. Ta wanke ta, ta sa aka yi mata walda, ta sayo ɓawon kirfa rabin buhu, ta farfasa, ta jiƙa shi kwana ɗaya, ta hura wuta.

Tururi ya ratsa ɓawon, ya bi bututun da ke cikin ruwan sanyi, ya fara ɗiga a kwalba fari kamar an tsinka madara. Gareji ya cika da ƙamshi har makanikai suka leƙo suna tambayar me ake dafawa ba a kira su ba. Auta ta zauna tana jiran mai ya taso sama yadda kowane mai yake yi. Bai taso ba. Ta zubar. Washegari ma haka. A rana ta uku haushi ya sa ta bar kwalbar a kan tebur ta tafi gida. Da safe ta tarar ruwan ya washe, ga wani abu launin zuma a kwance can ƙasan kwalbar, bai fi cokali uku ba. Ashe man kirfa ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi. Kwana biyu tana kwarara shi a magudana. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai shi ya sa ɓerayen layin suka fi matan unguwa ƙamshi.

Daga nan ta shiga koyon halin man nan kamar yadda ake koyon halin miji. Ta gano cewa man ɓawo daban, man ganye daban, duk da itacen ɗaya ne. Na ɓawo shi ne mai zaƙin ƙamshi da zafi, saboda mafi yawansa wani sinadari ne da littattafai ke kira sinamaldehid. Na ganye kuwa ƙamshinsa ya fi kama da kanumfari, domin sinadarin da ke cikin kanumfari ne ya rinjaya a cikinsa. Ta koyi cewa idan aka bar man a buɗe iska na taɓa shi, yakan yi duhu ya yi kauri, don haka sai baƙar kwalba mai toshe, nesa da taga. Ta koyi cewa yana cin roba, kuma idan aka zuba shi a kaskon sabulu yakan sa haɗin ya daskare kafin a kai ga mazubi, sai mai saurin hannu. Babban abin da ta riƙe shi ne zafinsa. Ɗigo ɗaya tsurarsa a bayan hannu yana barin jan tabo. Ba ta taɓa yarda a wuce ƙa'ida a abin da zai taɓa jikin mutum ba, ko da mai saye ya roƙi a ƙara masa ƙamshi.

Sabulun kirfa ne ya fitar da su daga gareji. Suka koma wani dogon gini mai rufin kwano a bakin titin masana'antu, da ɗakin tukunya a can ƙarshe, da ɗakin yanka sabulu, da ofishin Yaya a gaba. Suka ƙara kyandir mai ƙamshi, da ruwan goge tebur da ke korar tururuwa, da wani feshi da masu shagon takalma ke saya don hana fumfuna. Tsantsar man kuma suna sayar wa masu yin alewa da masu haɗa ruwan kurkure baki. Ma'aikata suka kai goma sha tara. Yaya yana gaba da baƙi da waya, Auta tana baya da wuta da tururi. Ba ta aiki da takarda. Takan ɗaga ɓawo ta karya ta shinshina ta ce wannan ya kwana biyu a jirgi, ko ta dubi yadda ruwa ke ɗiga ta ce a rage wuta. Ma'aikata suna kiranta Anti, kuma ko Yaya ba ya shiga ɗakin tukunya sai ya yi sallama.

Ta auri wani mai gyaran firji, mutum mai sanyin hali da yawan barkwanci. Yakan gaya wa abokansa shi alewa ya aura, ko ta yi wanka sau uku sai ƙudan zuma sun raka ta bakin ƙofa. Idan ta shiga motar haya, sai wani ya waiwayo ya tambayi wa ya ɗauko kayan shayi.

A shekara ta ashirin hannayenta suka fara ciwo. Ƙaiƙayi ne da farko a tsakanin yatsu, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai fatar ta bushe ta tsattsage. Ta shafa wannan ta shafa wancan. Idan aka yi hutun kwana uku sai ya lafa, idan ta koma ya dawo. Maigida ne ya fara cewa anya ba man nan ba ne. Ta ce shekara ashirin suna tare, yau ne zai juya mata baya? Amma da abin ya hau wuyan hannu, Yaya da kansa ya ce ta shirya, ya yi magana da wani asibitin fata da ke duba ma'aikatan kamfanoni, kuma shi ya kai ta a motarsa.

Likitan ya manna mata wasu ƙananan faifai a gadon baya, kowanne da lamba, ya rufe da filasta, ya ce kada ruwa ya taɓa. Bayan kwana biyu aka cire, bayan wasu biyun ta koma. Ranar likitan ba ya nan, wata nas ce ta duba bayan, ta ɗauki hoto, ta ce likita zai rubuta sakamako ya aika wa kamfanin da ya turo ta. Auta ta tambaye ta ko ta ga wani abu. Nas ɗin ta ce ba aikinta ba ne ta faɗa.

Bayan mako guda Yaya ya same ta a ɗakin tukunya, fuskarsa a sake.

"Auta, an gode Allah. Na yi magana da likita. Ba aikin nan ba ne. Garin sabulun wankin da kike amfani da shi a gida ne. Ki canza, ki riƙa shafa man da ya rubuta."

Ta ji kamar an sauke mata dutse. Ba ta ce ya nuna mata takarda ba. Bai ma zo mata a rai ba. Ta koma gida ta zubar da garin sabulun, ta hana kanta wanki, babbar 'yarta ta karɓa. Yaya ya kawo mata safar hannu masu kauri, kwali guda, ya ce don maganin ya zauna. Ta riƙa ba da labarin kirkinsa.

A watan ne ya zo da maganar littafi. Wani kamfani mai otal-otal ya ba su aikin sabulu da kyandir na shekara biyu, aiki mafi girma da suka taɓa samu, kuma Yaya ya ce masu otal ɗin suna son komai a rubuce. Ya ce ko ba don su ba, ya kamata abin da ke kanta ya sauka a takarda saboda 'ya'yansu. Ya kuma ɗauko wani mutum mai digiri, magidanci mai natsuwa da kowa ke kira Injiniya, ya ce zai rage mata wahala. Auta ta ji daɗi. Ta sayi babban littafi mai bango baƙi, kullum bayan an kashe wuta ta zauna ta rubuta: awa nawa ake jiƙa ɓawo, yadda ake gane wanda aka riga aka tatsa aka sake busarwa, ɗigo nawa a kilo nawa. Abin da ba ya rubutuwa kuma ta nuna wa Injiniya da hannu, ta sa shi ya shinshina, ya kuskure, ya sake. Ba ta ɓoye masa komai ba.

Hannayen kuwa ba su warke ba. Man yana ratsa safar, gumi ya riƙe shi a kan fata. Tsagar ta yi zurfi har ba ta iya murɗa murfin kwalba sai ta naɗa tsumma. Ƙurajen suka haura gwiwar hannu, suka fito a wuya da fatar ido. Ta canza sabulun wanka, ta daina cin ƙwai, ta daina sa zobe, duk abin da aka ce mata sai ta gwada. Idan ta yi wa Yaya ƙorafi sai ya ce irin wannan ciwo yana ɗaukar lokaci, ta ƙara haƙuri. Wata goma sha huɗu aka yi a haka.

Wata safiya ta goge baki da wani sabon man goge baki da yara suka sayo. Kafin ta gama shiri leɓɓanta sun kumbura, cikin bakinta ya yi ja kamar ta kurɓi tafasasshen ruwa. Maigida bai tsaya neman Yaya ba, ya ɗauke ta sai asibitin nan na fata. Wata likita ce a ranar, mace mai gilashi, ba ta da wasa. Ta sa aka ɗauko fayil, ta karanta, ta dubi hannayen Auta, ta tambaye ta wane aiki take yi yanzu. Auta ta ce aikinta na kullum, tatsar kirfa. Likitar ta cire gilashin.

"Baiwar Allah, so kike ki kashe kanki? An rubuta miki ƙarara ki bar wurin nan tun bara."

Auta ta ce ita garin sabulu aka gaya mata. Likitar ta juyo fayil ɗin ta tura mata. Ga kwafin wasiƙar. An rubuta cewa jikinta ya ƙi sinadarin da ke cikin man kirfa, kuma lallai a raba ta da shi nan take, ko tururinsa kada ta shaƙa. A ƙasa ga sa hannun wanda ya karɓa. Ta san sa hannun nan tun yana sa shi a katin jarrabawarta na firamare.

Da likitar ta fahimci abin da ya faru sai muryarta ta sauka. Ta yi mata bayani a hankali. Sinadarin yana shiga fata ya manne da naman jiki, sai wata rana jiki ya ɗauke shi a matsayin maƙiyi, kuma idan ya ɗauka ba ya mantawa. Da an janye ta a lokacin, da hannayen sun warke, sai dai ta riƙa kiyayewa. Yanzu jikin ya yi shekara guda yana faɗa kullum, ɗan kaɗan ma ya ishe shi ya tashi. Ta lissafa mata abubuwan da za ta riƙa karanta bayansu kafin ta taɓa: man goge baki, cingam, turare, man shafawa, wasu kayan zaƙi. Auta tana jin ta, amma idonta na kan sa hannun.

Maigida ya so ya je wurin Yaya da kansa. Ta ce a'a. Bayan kwana uku, da bakin ya sace, ta tafi kamfanin da hantsi. Ba ta shiga ba. Ta tsaya a tsallaken titi ta kira Yaya a waya ta ce ya fito. Ya fito yana murmushi yana tambayar jiki, ta miƙa masa kwafin wasiƙar. Ya dube ta sau ɗaya, bai ma karanta ba. Ya tsaya riƙe da ita, motoci suna wucewa.

Da ya buɗe baki, bai musa ba. Ya ce ranar da wasiƙar ta zo, kwana biyu ke nan da ya sa hannu a aikin otal. Babu wanda ya iya tukunyar sai ita. Ya ce ya yi niyyar gaya mata da zarar Injiniya ya kama hannu, wata uku ya yanka wa kansa, sai wata uku ta zama shida. Ya ce mutum goma sha tara ne ke ci a ginin nan, ita ma da 'ya'yanta a ciki. Ya ce ai ya sayo mata safar hannu.

"Yaya, da ka gaya mini," in ji ta, "da na zauna a waya ina faɗa wa Injiniya komai daga gida. Da na rubuta maka littafin a kan gadona. Ka san zan yi."

"Na ji tsoro ne, Auta."

"Kullum kana ganin hannuna. Da bakinka ka ce in ƙara haƙuri."

Ya ce ta shigo ofis su yi magana a zaune. Ta ce an hana ta shiga. Ta karɓi takardarta ta tari mota.

Daga can gidan Mama ta wuce, tana son ta yi kuka a inda za a rarrashe ta. Mama tana zaune a kan kujerarta ta falo, ta saurara har ƙarshe tana murza carbi. Sannan ta ce ɗan'uwa ɗan'uwa ne, a yi haƙuri, shi ma bai ji daɗi ba, tun lokacin da ya zo ya gaya mata ba ya barci sosai. Auta ta ɗago kai ta tambaya wane lokaci. Mama ta gyara mayafi, ta ce ita cewa ta yi ya yi sauri ya gama ya faɗa mata. Wato duk ranakun da Auta take zuwa tana miƙa mata hannu, Mama tana shafa mata man zaitun tana yi mata addu'a, ta sani. Auta ba ta yi kukan ba. Ta wanke kofunan da ta tarar a kicin kamar yadda ta saba, duk da ruwan yana yi mata zafi, ta yi sallama.

Ba ta kai ƙara ba, ko da yake Maigida ya nemo mata lauya har gida. Abu ɗaya ta yi. Ranar wata Asabar ta kira matan ɗakin yanka sabulu su bakwai zuwa gidanta, ta nuna musu hannayenta da wasiƙar, ta ce duk wadda ke jin ƙaiƙayi ta je a gwada ta, kuma ta karɓi sakamakonta da hannunta. Huɗu suka je. Biyu aka samu da irin ciwonta, yana farawa. Maganar ta fita, hukumar da ke duba lafiyar ma'aikata ta zo, aka rufe ɗakin tukunya wata biyu har sai da aka sa na'urar zuƙe tururi aka canza tsarin aiki. Aikin otal ya tafi. Yaya ya gaya wa dangi cewa ƙanwarsa ta tona masa asiri, kuma da yawansu suka tsaya a bayansa. Wata gwaggo ta kira ta a waya ta yi mata faɗa na rabin awa, ba ta tambayi hannun ba.

Kamfanin bai mutu ba. Injiniya yana riƙe da tukunya, kuma an ce man yana fita da kyau. Auta ta yi wata bakwai a gida kafin fatar ta haɗe, ta bar tabo fari-fari da yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa sosai. Daga baya ta sami aiki a wata ma'aikatar tace ruwan sha, tana ɗiban ruwa a ƙananan kwalabe tana gwada tsabtarsa. Aiki ne mai tsari, ba wuta, ba tururi, ana tashi ƙarfe huɗu. Abokan aikinta sun san ta da shiru da ƙwarewa, ba su san ta taɓa yin wani abu daban ba. A kanti takan daɗe tana juya kwalba tana karanta ƙananan rubutu, har masu shago su fara kallonta.

Bara Mama ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, dole aka raba jinya. Matar Yaya ce ta shiga tsakani ta tsara: Auta da safe kafin aiki da ranakun hutu, Yaya da yamma. Wata Lahadi da azahar suka haɗu a barandar asibiti, ita tana fitowa da kwanukan abinci, shi yana shigowa. Ya rame, gashinsa ya yi fari. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya ce yana son ta yafe masa, ya daɗe yana neman yadda zai faɗa.

"Na ji, Yaya," in ji ta.

Ya tsaya yana jiran sauran. Ta gaya masa cewa an canza wa Mama maganin ciwo, na ƙarfe biyu ba a ba ta ba tukuna, kuma a riƙa juya ta ɓangaren hagu saboda bayanta ya fara ja. Ya ce to. Ta sauka matakala.

Maigida yana jiranta a mota, da ta ba shi labari ya tambaye ta ko ta yafe. Ta ce tana roƙon Allah ya ba ta ikon yi, amma ba za ta faɗi abin da bai kai zuciyarta ba don a ji daɗi. Ya kaɗa kai. Suka tsaya a hanya suka ɗauki wani firji da aka kira shi gyara tun jiya, ita ta riƙe igiyar yana ɗaurewa, sannan suka wuce gida.